Mai Jirgi da Tsuntsayen Bakin Teku

Idan ka bi ta unguwar Sulay da ke gefen birnin Riyadh da safe, wajen layin ɗakunan ajiyar shinkafa, za ka ga wani dattijo dogo siriri yana tafiya kai a sunkuye kamar wanda ya yar da allura. Kada ka ce masa sannu da nema, ba abin da ya ɓace masa. Ƙusa yake tsinta, da noti, da 'yan tsakuwoyi; duk abin da ya gani a kan kwalta sai ya duƙa ya jefa aljihu. Sunansa Hamissou, mutumin ƙasar Damagaram ne, daga wani ƙauye bayan Matameye, shi ne mai gadin ɗakin ajiya na uku. Amma fa ko a Sulay ko a kasuwar Batha da ke cikin gari, in ka tambayi Hamissou sai a yi ta kallonka. Ka ce Mai Jirgi, yanzun nan a nuna maka shi.

To, sunan nan shi ne ya hana shi sakat a wannan makon. An riga an buga masa huruj niha'i, wato fitar da babu dawowa, saura kwana tara ya koma gida bayan shekara talatin da bakwai. Can a ƙauye matarsa Turai ta sa an sake fentin ƙofar gida, an sabunta hoton jirgin saman da ke jikinta. Sai ga saƙon murya daga autarsa Mariamou, wadda ke koyar da Larabci a wata Islamiyya a Zinder.

"Baba, Inna ta ce akwai takardar yabo da sojoji suka taɓa ba ka. Don Allah kada ka manta da ita. Ni zan karanta wa mutane ita ranar da ka iso, sannan mu rataye ta a zaure."

Ya saurari saƙon nan ya fi sau goma. Takardar tana nan, a ƙasan akwati, cikin leda biyu, kuma duk abin da ya mallaka a ƙasar nan ba wanda ya kai ta daraja a wurinsa. Sai dai in aka karanta ta a gaban jama'a, asirinsa ya tonu. Domin Mai Jirgi bai taɓa tuƙa jirgi ba, bai taɓa gyara shi ba, ko tayarsa bai taɓa shafawa ba. Shekara ashirin da shida ya yi a sansanin jiragen yaƙi, tsuntsaye yake kora.

Yana da shekara ashirin da huɗu ya zo, wata takwas bayan aurensa da Turai, a lokacin da fari ya karya mutanen ƙasarsu. Wani kamfanin shara ne ya ɗauko su, aka sauke su a wani sansanin jiragen yaƙi can gabas, a bakin teku. Hamissou bai taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin ƙauyensu ba. Ranar farko ya tsaya yana kallo baki buɗe. Rana ta biyu da ya leƙa, sai ya tarar ruwan ya janye, ya tafi can nesa, ya bar taɓo shimfiɗe. Ya dafe kai ya ce, "Inna lillahi, farin har nan ya biyo ni?" Abokan aikinsa suka yi ta dariya har da riƙe ciki, kafin wani ya gaya masa haka tekun yake, kullum sai ya tafi ya dawo.

Wata uku yana shara. Ran nan da hantsi suna share gefen hanyar da ke kusa da titin jirage, ya ga sojoji biyu suna fama da fararen tsuntsayen teku, waɗanda Larabawa ke ce wa nauras. Su harba bindigar tsoratarwa, tsuntsayen su tashi, su yi ɗan kewaye, su dawo su sauka daidai inda suka tashi. Abin ya ba Hamissou haushi. Shi fa tun yana shekara shida ake ɗora shi a rumfar tsakiyar gona yana tsaron gero daga jan-baki. Bai san lokacin da ya kwance igiyar buhun shara ba, ya naɗe ta ta zama majajjawa, ya sa dutse, ya wulwula, ya saki tare da ihun nan na gona: "Haaa-yaa!" Bai jefa tsakiyarsu ba, ya jefa ta gefen da iska ke fitowa, inda ya san nan za su so juyowa. Tsuntsayen suka tashi, suka miƙe teku, ba su dawo ba.

Wani soja gajere mai furfura a gashin baki ya yafuto shi. "Ta'al!" Wato zo nan. Wannan shi ne Raƙib Abu Sa'ad, sajan mai kula da tsabtar titin jirage. Da farko faɗa ya rufe shi da shi, ya ja shi har inda dutsen ya faɗi, ya sa ya ɗauko da hannunsa, ya nuna masa da ishara cewa dutse ɗaya kamar wannan in injin jirgi ya zuƙe shi, to jirgi da mai jirgi sai dai a yi musu addu'a. Da ya gama faɗan, sai ya miƙa masa igiyar ya ce ya sake, amma ba dutse. Hamissou ya kaɗa majajjawa wayam ta yi ƙara, tas! Washegari aka karɓe tsintsiyarsa.

Wani zai ce ai ci gaba ya samu. Shi kuwa kunya ta kama shi har cikin ƙashi. A ƙauyensu korar tsuntsu aikin yara ne, yaran ma waɗanda ba su isa riƙe hauya ba. Ranar da aka ba yaro hauya, ranar ya sauko daga rumfa, kuma duk wanda aka sake gani a can bayan ya yi gemu, to sai dai in ba shi da lafiyar kai. Ga shi magidanci da mata, an sayar da akuyoyin uwarsa an yi masa guzuri, ya ƙetare ƙasashe, ya zo ya koma rumfa.

A zamanin nan ba waya, kaset ake yi a aika. Ya zauna bayan ɗaki da rikoda, ya gaida kowa da sunansa, har ya zo kan maganar aiki. Nan bakinsa ya ƙi. Ƙarya ba ya so ya yi, gaskiyar kuma ta ƙi fita da Hausa. Sai ya laɓe bayan Larabci, ya ce a hankali, "Aikina a nan kuwa, ɗuyur ne." Ɗuyur, wato tsuntsaye.

Da kaset ya isa, gida ya cika, aka kunna a tsakar gida. Aka zo wurin nan, kowa ya dubi ɗan'uwansa. Sai aka aika a kira Abdou, wani maƙwabcinsu da ya taɓa zuwa Hajji sau ɗaya, wanda tun daga lokacin ya naɗa kansa tafintan gari. Abdou ya sa aka maimaita masa sau uku, ya gyara hula, ya ce, "Haba, ai wannan a fili yake. Ɗayyara yake son ya ce, bakinsa ne bai gama karyewa ba. Ɗayyara, jirgin sama! Yaronku jirgi yake aiki da shi." Bayan wata biyu amsa ta iso wa Hamissou, kaset cike da guɗa, ga muryar uwarsa tana kuka tana sa masa albarka, ga yara suna rera Mai Jirgi, Mai Jirgi. Ya ce a ransa zai gyara maganar a kaset na gaba. Na gaban ya zo, bai gyara ba.

Abin mamakin shi ne, aikin da yake jin kunyarsa shi ne aikin da ya so fiye da komai a rayuwarsa. Har yau in ya tashi zancen sansanin nan sai muryarsa ta canza.

Ana sallame sallar asuba gari ya ɗan yi haske, sai a jeru kafaɗa da kafaɗa daga wannan gefen titin jirage zuwa wancan, soja da lebura, wani lokaci har da manyan hafsoshi, a taka a hankali kai a ƙasa ana tsinta. Ƙusa, noti, tsakuwa, marfin kwalba, ba a barin komai. A wurin nan kaɗai Hamissou ya ga mai anini a kafaɗa ya duƙa kusa da mai shara suna neman abu ɗaya. In an gama, sai ya hau tsohuwar motarsu mai buɗaɗɗen baya da fitila rawaya a kai, Abu Sa'ad na tuƙi, rediyon oba-oba na ta magana da hasumiya, su nufi ƙarshen titi inda kwalta ta ƙare gishiri ya fara. Iskar wurin mai laima ce, tana manne wa mutum riga a jiki, tana warin kifi da man jirgi. Da farko warin ya hana shi cin abinci. Daga baya in ya je hutu gida sai ya ji kamar iskar can ba a sa mata gishiri ba.

A nan ƙarshen titin, suna jiran jirage, Abu Sa'ad ya ba shi tarihin wurin, rabi da baki rabi da hannu. Shi ɗan masunta ne. Inda rumfunan jirage suke, nan ubansa ke shanya taru. Ya ce yana ƙarami aka zo aka daddale wani fako aka jera gangunan mai a gefe, wani ɗan jirgi mai fanka a hanci yana sauka jefi-jefi, su bi shi da gudu. Daga nan aka zuba kwalta, aka ja waya, aka gina hasumiya, aka kawo jiragen da ƙararsu ke biyo bayansu, aka ce masunta su matsa kudu, suka matsa. "Kowa an ba shi takarda ya tashi," in ji Abu Sa'ad, "ban da nauras. Su sun riga mu zuwa, kuma ba su iya karatu ba."

Hamissou ya karanci tsuntsayen nan kamar yadda ya karanci jan-baki. Ya gane ba titin suke so ba, hanyarsu ce ta bi ta kansa: suna kwana a wani ɗan tsibiri, in ruwa ya janye su zo kiwo a taɓo, in ya dawo su ƙetara zuwa bayan ɗakin girki inda ake zubar da ragowar abinci. Shi ya matsa har aka rufe wannan juji. Ya koyi lokacin tafiyar ruwa da dawowarsa daga kallon wata, har ya zama Abu Sa'ad ba ya duba takarda sai ya tambaye shi. Ya ja igiyoyi da gwangwanaye a bakin taɓo, nesa da titi, irin na gona. Ya san tsuntsu ba wawa ba ne, in ka ba shi ƙara iri ɗaya kwana uku, rana ta huɗu a kan abin ƙarar zai sauka. Saboda haka yau gwangwani, gobe majajjawa, jibi murya, gata kuma ya tsaya kawai inda ba su zata ba. Idan kaka ta yi, baƙin tsuntsaye suka fara sauka daga arewa dubbai, ko abincin rana a tsaye yake ci.

Ya ga shekarar yaƙin Kuwait a wurin. Fili ya cika da tantuna da jiragen baƙi, kowa da abin rufe fuska rataye a ƙugu, jirage na tashi ba hutu har kwalta ba ta hucewa. Da yawa daga cikin leburori suka nemi a mai da su gida. Shi ma ya ji tsoro, ba ya ɓoyewa. Amma ya duba ya ga nauras ba ruwansu da yaƙi, ruwa ya janye sun zo, kuma yaran da ke cikin jiragen nan kowannensu da uwarsa. Ya zauna.

Maganar takarda kuwa, bayan wannan da 'yan shekaru ne. Wata safiya ce ta kaka, Abu Sa'ad ya sauka daga mota ya je duba wata fitila, ya bar shi da oba-oba. Jirage biyu sun jeru a bakin titi, hasumiya ta ba su izini, injina sun fara ruri. Sararin sama fes, ba ko tsuntsu ɗaya. Amma Hamissou ba sama yake kallo ba, taɓo yake kallo. Tsuntsayen da ke can, waɗanda tun safe ke ta hayaniya, sun yi tsit, sun daina cin abinci, duk sun juya fuska wuri ɗaya. Ya san wannan shirun tun daga rumfar gona. Shi fa lebura ne, ba shi da izinin taɓa rediyon nan. Ya fizge shi ya danna, ya haɗa duk Larabcin da ya mallaka: "La! La! Istanna! Ɗuyur!" Wato a'a, a dakata, ga tsuntsaye.

Aka dakatar da jiragen. Murya ta sauko daga hasumiya kamar aradu, ana tambayar wane ne wannan, ina tsuntsayen suke. Abu Sa'ad ya sheƙo da gudu, ido ja. Hamissou ya tsaya, ya riga ya ga kansa a jirgin komawa gida. Ba a yi minti ɗaya ba taɓon ya tashi gaba ɗaya. Suka bi ta kan ƙarshen titin, daidai inda jiragen za su ɗaga hanci, har inuwarsu ta rufe kwalta. Can sai ɗaya daga matuƙan ya ɗaga masa hannu daga cikin gilashi, ya daɗe bai sauke ba.

Bayan mako guda aka kira shi ofishin shugaban sansani, aka ba shi shayi a ƙaramin kofi, aka miƙa masa takarda mai hatimi da zanen zinariya a gefe. Abu Sa'ad ya karanta masa. Godiya ce da yabo, ga ma'aikaci Hamissou, mai korar tsuntsaye. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, layi na biyu. Da ya je hutu, daɗi ya kwashe shi ya gaya wa Turai sojoji sun ba shi takardar yabo. Da ta ce ina take, sai ya ce ya baro ta can saboda kada gara ta ci.

Hutun nan ma wani aiki ne. Mutane su cika zaure suna tambayar jirgi, shi kuma ya ƙware wajen ba da amsa ba ƙarya ba gaskiya: yadda ƙasa ke girgiza in ya tashi, yadda wuta ke fita ta bayansa, yadda ake ja masa birki da lema. In hutun ya faɗo lokacin da gero ya yi ido, ya wuce ta gona ya ga yara suna kora ba bisa ƙa'ida ba, suna jifa ta inda bai kamata ba, sai hannunsa ya yi ta ƙaiƙayi. Ya sa shi a aljihu ya wuce.

Komai ya zo ya canza. Abu Sa'ad ya yi ritaya, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Aka kawo na'urar da ke hango tsuntsu tun daga nesa, da mota mai lasifika da ke yin kukan shaho. Kwangilar kamfaninsu ta ƙare. Hamissou bai ce na'urar ba ta aiki ba, yana dai cewa ba ta san shiru ba. Ranar ƙarshe ya roƙi a kai shi ƙarshen titi, ya tsaya ya yi wa tsuntsayen sallama da babbar murya kamar masu ji, ya nemi gafararsu, ya share hawaye da hularsa. Aka mai da kafalarsa, wato takardun zamansa da aikinsa, hannun wani mai ɗakunan ajiya a Riyadh.

Shekara goma sha ɗaya ke nan yana Sulay, garin da ba teku, iskarsa a bushe kamar ta bakin murhu. Sai dai jikinsa bai taɓa yarda ya baro gabas ba. Har yanzu in ya ga wata sai ya ce, "Yanzu ruwa ya fara janyewa." In jirgin soja ya wuce can sama, ba ya ɗaga kai, da kunne yake faɗin irinsa. Ranar Juma'a in ya je Batha, sai ya je wajen masu sayar da kifi ya tsaya, ba ya sayen komai, warin kawai yake shaƙa. Tattabaru kuwa sun addabi ɗakin ajiyarsu saboda shinkafar da ke zuba, amma da tsintsiya yake korar su, shiru, kamar wanda bai iya ba. Bai taɓa sakin muryar nan a Sulay ba, don akwai 'yan garinsu a layin.

Mutum ɗaya ne ya san gaskiya, Harouna, wani direban babbar mota ɗan Maradi da suke ɗaki ɗaya, wanda ya taɓa kama shi yana shafa takardar. Ranar Juma'ar nan, bayan sun dawo daga masallaci, Harouna na taya shi ɗaure kwalayen da za a kai kargo, ya ga ya sa takardar a kwali ya cire, ya sa ya cire.

"Kai Mai Jirgi, ka isa da wahala," in ji Harouna. "Ka ce ta ɓace mana. Wa zai zo Sulay ya bincika? Bar mini ita, in rataye a mota."

"In bar ta?" Hamissou ya ce. "Harouna, shekara ashirin da shida. Abu Sa'ad ya mutu, motar an sayar wa 'yan gwangwan, ko ƙofar sansanin ba za a bar ni in leƙa ba. Ita kaɗai ta rage ta ce na yi."

"To tafi da ita."

"A karanta a gaban Abdou? A gaban surukaina? A ce tsohon banza, ashe rumfa ya je ya hau?"

Harouna ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da jan igiya. Hamissou ya zauna a bakin gado da takardar a cinya har aka kira la'asar. Da ya idar da salla, ya ɗauki waya ya fita tsakar filin da motoci ke juyawa, ya kira Turai. Gara ta ji daga bakinsa, in ya so ita ta zaɓa, a zo da takarda ko a bar ta.

Suka gaisa, ta ba shi labarin ruwa da gero. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Turai, akwai maganar da na riƙe miki tun kaset na farko. Aikin nan da na yi a gabas, ba jirgi ba ne. Ɗuyur da na ce, ba ɗayyara ba ce. Tsuntsaye ne. Korar tsuntsu na yi, irin ta yara. Ki yafe mini."

Sai ya ji tana dariya ƙasa-ƙasa.

"Alhaji, yau ka ga damar faɗa? Ai ni tun hutunka na farko na sani. Kana ƙailula a gindin bedi, jan-baki suka wuce ta sama, ka zabura ka yi ihu kana juya hannu, ido a rufe. Sannan ga kanta a yatsanka, inda igiyar majajjawa ke zama. Ni ma fa na hau rumfa ina yarinya. Shi kuma Abdou, da ko ruwan sha bai iya roƙa da Larabci ba, shi zan yarda da fassararsa?"

"Kin sani? To Mariamou fa?"

"Tana aji uku ta saurari kaset ɗin ta gaya mini ma'anar kalmar. Na ce ta kama bakinta, ubanta zai faɗa da kansa ranar da ya shirya. Mun gaji da jira ne, shi ya sa ta ce ka zo da takardar."

Hamissou ya jingina da bango. "Kin sani, kuma kika sa aka zana jirgi a ƙofata?"

"Na sa, kuma bana ma na sa an ƙara masa fenti. Bari in tambaye ka, Alhaji. Duk shekarun da ka yi kana tsaron titin nan, jirgi nawa tsuntsu ya kayar?"

Ya ce, "Ko ɗaya."

"To wa ya fi ka zama Mai Jirgi? Ka zo da takardarka a karanta, wanda zai yi dariya ya yi a gabana. Kuma in majajjawar tana nan ka sako ta. Jan-baki sun sauka a gonar fadama kwana uku ke nan, yaran yanzu sai su tsaya suna ɗaga musu hannu kamar masu gaisuwa. Ni dai ban sani ba ko tsufa ya bar maka muryar."

Hamissou ya share fuska da bayan hannu. Ya ɗaga kai. A kan rufin ɗakin ajiya na uku tattabaru sun jeru fal, suna jiran a watse su sauko. Ga leburori a bakin ƙofa suna shan shayi, har da 'yan garinsu biyu. Ya dubi inda iska ke fitowa, ya matsa ta can, ya ɗaga wayar sama, ya cika ƙirji.

"Haaa-yaa!"

Rufin ya tashi gaba ɗaya. Masu shayi suka miƙe a firgice, wani ya zubar da kofinsa, Harouna ya leƙo ta taga da igiya a hannu. Tattabarun suka miƙe gabas, ba su kewayo ba.

Ya mai da wayar kunne, yana haki.

"Na ji," in ji Turai. "Muryar tana nan. Ka yi sauri, geron ba zai jira ka ba."